Kai rahoton kuskure a rumbun Python da yadda ake gyara shi

Assalamu alaikum. Duk wanda ya girka Python a kwamfutarsa, tare da yaren ya samu rumbun kayan aiki: json, datetime, csv, tarfile, urllib da wasu da dama. Mutane ne suka rubuta su, da yawansu 'yan sa-kai, kuma akan samu kuskure a ciki. Yau za mu bi sawun kuskure ɗaya, daga ranar da ka ci karo da shi har ranar da gyaransa ya fito.

Kafin komai, ka tabbatar kuskuren na Python ne. A nan mafi yawan rahotanni ke mutuwa. Ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye. Kana kan Windows, ka buɗe fayil da open, ka rubuta kalmar ƙasa ko ɗalibi a ciki, sai ga UnicodeEncodeError. Za ka rantse Python ce ta ƙi haruffanmu masu ƙugiya. Abin da ya faru shi ne ba ka faɗa mata tsarin rubutun da za ta bi ba, sai ta ɗauki na Windows ɗinka, wanda sau da yawa cp1252 ne, kuma babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa. Ka ƙara encoding="utf-8" a wurin buɗe fayil ɗin, magana ta ƙare. An riga an amince a PEP 686 (PEP takarda ce da ake gabatar da shawarar canji ga Python a cikinta) cewa UTF-8 zai zama na asali daga Python 3.15, amma wanda ya kai wannan a matsayin kuskure, rufe rahoton za a yi a nuna masa takardun bayani. Haka round(2.5) da ke ba da 2: da gangan aka yi, idan lamba ta tsaya daidai tsakiya, wadda ke rabuwa biyu ake zaɓa. Saboda haka ka fara karanta bayanin wannan sashen a docs.python.org, na sigar da kake amfani da ita. Abin da ya saɓa wa rubutaccen bayani, ko ya sa Python ta faɗi gaba ɗaya, shi ne kuskure.

To, ka tabbatar. Yanzu aikin da ya fi kowanne muhimmanci: rage kod ɗin. Shirinka mai layi dubu biyu ba wanda zai karanta maka shi. Ka kwafe shi gefe, ka riƙa cire rabi kana sake gudanarwa. Matsalar na nan? Ka sake cire rabi. Ta ɓace? Ka mayar da abin da ka cire, ka cire ɗaya rabin. Haka har ya rage layi biyar zuwa goma waɗanda kowa zai liƙa a tasa kwamfutar ya ga abin da ka gani. Kada a bar komai da aka sauko da pip (manhajar girka kayan waje) a ciki, domin muddin akwai kayan waje, za a ce ka fara tambayar masu su. Ka gudanar da shi da python -I, wanda ke watsi da saitunan muhallinka da kayan da ka girka wa kanka, domin wani lokaci wani fayil naka mai suna random.py ko csv.py ne ya sha gaban na asali. Sannan ka gwada a siga mafi sabunta. Mai yiwuwa an gyara tun bara, kai ne ke kan tsohuwa.

Sai bincike. Tun watan Afrilun 2022 rahotannin Python suka koma GitHub, a ma'ajiyar python/cpython, kuma an kwaso tsofaffin da ke bugs.python.org zuwa can. Ka nemi sunan sashen da saƙon kuskuren, har cikin rahotannin da aka rufe. Idan wani ya riga ka, kada ka buɗe sabo. Ka ƙara abin da babu a can, misali sigar da ka gwada ko gajeren kod ɗinka. Rubuta "ni ma haka" kaɗai ba ya ƙara komai.

Gargaɗi ɗaya. Idan abin da ka gano zai ba mugu damar kutsawa kwamfutar wani ko karanta fayilolinsa, ba a bainar jama'a ake faɗa ba. Ka aika wasiƙa zuwa security@python.org, su za su tsara lokacin bayyanawa.

Rahoton kansa gajere ne: gajeren kod ɗin, abin da ka zata zai fito, abin da ya fito, sakamakon python -VV, da tsarin kwamfutarka. Saƙon kuskuren ka kwafo shi a rubuce daga farko har ƙarshe. Hoton allo ba ya bincikuwa, kuma ba mai iya kwafar komai daga cikinsa. Idan ka san abin yana aiki a 3.11 ya lalace a 3.12, ka faɗa a layin farko, domin irin wannan koma-bayan ya fi saurin jawo hankalin masu kula.

Mutum zai iya tsayawa a nan, ya yi aiki mai amfani. Mai son gyarawa da hannunsa kuma, ga hanya. Ka yi wa ma'ajiyar kwafi a asusunka na GitHub, ka sauko da ita, ka gina Python ɗinka daga reshen main, wato babban reshen da sabon aiki ke shiga. A Linux ko Mac, ./configure --with-pydebug sannan make -j4. A Windows kuma PCbuild\build.bat -e -d. Wannan pydebug ɗin yana kunna bincike na ciki wanda ke kama ɓarna a inda ta faru, maimakon shirin ya faɗi can gaba ka rasa dalili.

Kada ka taɓa kod ɗin tukuna. Ka fara da gwaji. Kowane sashe yana da nasa a Lib/test. Na csv, alal misali, test_csv.py ne. Ka mai da gajeren kod ɗinka gwaji a ciki, ka gudanar da ./python -m test test_csv, ka ga ya faɗi da idonka. Gwajin da bai faɗi ba kafin gyara, bai shaida komai ba bayan gyara. Idan koma-baya ne, git bisect zai nuna maka ainihin canjin da ya kawo shi: ka ba shi wuri mai lafiya da wuri mara lafiya, yana raba tsakani, kuma ko canje-canje dubu ne, gini kusan goma ya isa.

Ga wani rami da sababbi ke yawan faɗawa. Wasu sassan tagwaye ne: ɗaya da Python, ɗaya da yaren C saboda sauri. Decimal haka yake, da pickle, da datetime, da wani ɓangare na json. Sai mutum ya gyara fayil ɗin da ke Lib, ya gudanar, ya ga ba abin da ya canja, domin na C da ke Modules ne ke aiki. Ƙa'idar PEP 399 ita ce tagwayen su yi hali ɗaya, gwaji ɗaya ya bi ta kansu duka. In ka taɓa C, ka ƙara -R 3:3 a umarnin gwajin. Zai maimaita shi yana ƙirga ko akwai abin da aka riƙe a ƙwaƙwalwa ba a saki ba.

Gyaran ya tsaya kan kuskuren kaɗai. Ka ga wani layi da bai yi maka kyau ba a kusa? Ka ƙyale shi. Sannan ka rubuta jimla ɗaya ko biyu na sanarwa da manhajar blurb, wadda za ta ajiye ta a Misc/NEWS.d. Ka buɗe pull request, wato buƙatar a haɗa gyaranka da ma'ajiyar asali, takensa ya fara da gh- da lambar rahoton. A karon farko za a nemi ka sa hannu kan yarjejeniyar ba da gudummawa ta gidauniyar Python, minti biyu ne. Idan mai dubawa ya nemi canji, ka ɗora sabo a kan na baya, kada ka goge tarihin reshen da ƙarfi, domin sai ya rasa inda ya tsaya. A ƙarshe su za su dunƙule komai ya zama ɗaya. In wata guda ya wuce shiru, ka yi tuni cikin ladabi a ƙarƙashin rahoton. Masu dubawa ba su da yawa, layin kuma dogo ne.

Bayan an karɓa, gyaran yana shiga main, sai wani mutum-mutumi mai suna miss-islington ya kwafa shi zuwa rassan da har yanzu ake gyara wa kurakurai. Python na fitar da sabuwar siga kowane Oktoba. Daga 3.13, kowace tana samun gyaran kurakurai na shekara biyu, sai na tsaro kaɗai na shekara uku. Wanda ke kan sigar da ta shiga zangon tsaro ba zai ga gyaranka ba sai ya sabunta.

Abin da ya fi ba sababbi haushi shi ne a yarda kuskure ne, amma a ƙi gyarawa nan take. Dalilin shi ne akwai shirye-shirye bila adadin da suka jingina da halin da ake ciki, har da mummunansa. Kafin Python 3.5, idan ka sa lokacin ƙarfe goma sha biyun dare daidai a cikin if, ana ɗaukarsa ƙarya ne, kamar babu lokacin. Shiri zai yi aiki lafiya yini guda, ya birkice da tsakar dare. An yi doguwar muhawara kafin a canja, kuma da aka canja a 2015, sabuwar siga kaɗai ta samu.

Na tarfile ya fi wannan daɗewa. Tun 2007 aka san cewa fayil ɗin da ke cikin tar (ƙunshin fayiloli da yawa a fayil ɗaya) da aka sa wa suna mai ../, alamar komawa foldar sama, zai iya tsallake foldar da kake zazzagewa ya rubuta a wani wuri a kwamfutarka. A lokacin gargaɗi aka saka a takardun bayani, domin akwai masu amfani da wannan halin bisa ƙa'ida, kamar masu mayar da ajiyar tsarin kwamfuta. A 2022 masu bincike na kamfanin Trellix suka ce sun kiyasta ayyukan da kod ɗinsu ke buɗe ga kowa sama da 350,000 ne ke cikin haɗarin. Sai PEP 706 ta kawo matatar da ake zaɓa wurin zazzagewa, ta shigo a 3.12 a 2023, aka kuma mayar da ita wasu tsofaffin sigogi. A 3.12 da 3.13, wanda bai zaɓi matata ba gargaɗi kawai yake samu, tsohon halin na nan. Sai a 3.14 matatar mai suna data, wadda ke hana rubutu a wajen foldar, ta zama ta asali. Saboda haka idan shirinka yana buɗe fayilolin tar da wasu suka aiko, kuma kana ƙasa da 3.14, ka je wurin extractall, umarnin zazzage tar ɗin, yanzu ka ƙara filter="data".