Dambe, Judo ko Taikwando: Da Wanne Sabon Shiga Zai Fara?

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Koci Habu da Malam Nura. Ga mutum bai taɓa shiga fagen faɗa ba, yana son ya iya kare kansa, ya kuma rage teɓa. Koci, tsakanin dambe, judo da taikwando, da wanne zai fara?

Koci Habu: Wa alaikumus salam. Tun kafin ya tambayi sunan wasa, ya je wurin horon ya zauna ya kalli darasi guda. Abin da zai duba shi ne, ana gwada abin da aka koya da abokin da ke turjewa, ko iska kawai ake ta nausa? Wanda bai saba da a riƙe shi ko a kawo masa naushi ba, ranar da abin ya zo da gaske jikinsa sandarewa yake yi, ko da ya samu baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa.

Malam Nura: Shi ya sa nake sa damben boksin da judo a gaba. A boksin naushi huɗu ne tushe: na hannun gaba, na hannun baya, na gefe, da wanda ke tasowa daga ƙasa. Sauran duk aikin ƙafa ne da ɓoye haɓa. Cikin wata shida, idan ana zuwa sau uku a mako, mutum zai san tazarar da ke tsakaninsa da hannun wani. Ga numfashi kuma. Turmi ɗaya minti uku ne, hutu minti ɗaya. Sabon shiga ya fara da minti biyu a kan buhu, turmi uku, ya riƙa ƙarawa a hankali.

Bilkisu: Me zai saya?

Malam Nura: Bandejin naɗe hannu mai tsawon mita huɗu da rabi, safar dambe mai nauyin oza 14 ko 16, da robar haƙori. Ita robar a ruwan zafi ake tsoma ta ta yi laushi, sannan a cije ta ta ɗauki siffar haƙoran mutum. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dukan buhu ba naɗi, ko sauke naushi a kan ƙaramin yatsa. Ƙashin bayan wannan yatsan siriri ne, shi ke karyewa. Da gaɓoɓin manuniya da yatsan tsakiya ake duka, wuyan hannu a miƙe.

Bilkisu: Koci, na ga kana gyaɗa kai amma kamar da sauran magana.

Koci Habu: Akwai, Hajiya. Rigimar titi ba ta daɗewa a tsaye da tazara. Cakumar kwala ake yi, a ture mutum, ya faɗi a kan kwalta ko bakin kwata. To judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne faɗuwa. Ka manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka lanƙwasa baya, ka mari katifa da dukan hannunka, ka fitar da numfashi. Kada ka kafa tafin hannu ka tare ƙasa, nan ne wuyan hannu ke karyewa ko gwiwar hannu ta goce. Makonnin farko a kan haka suke tafiya, wasu su gaji su daina zuwa. Ni kuwa a ganina babu darasin da ya kai shi amfani, domin ko daga babur mutum ya faɗo zai yi masa rana. Sannan judo da riga ake kama mutum, mu kuma da kaftani da babbar riga muke yawo.

Malam Nura: Mai ƙarfin jiki da ke ƙauye ko kusa da fagen kokawa, kada ya raina ta. Kokawa na koyar da kafa ƙafa da sauke ƙugu yadda ba za a ɗaga ka ba, kuma a kan yashi ake yi.

Bilkisu: Damben gargajiya fa? Shi ne namu.

Malam Nura: Namu ne, kuma 'yan damben ɓangarorin nan huɗu, Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, sun san tazara da lokaci ƙwarai. Amma ba zan tura ma'aikacin ofis mai shekara arba'in can ba. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare ya yi tauri, babu safa, babu kariyar kai, abin da ake nema shi ne kisa, wato a kai abokin karawa ƙasa. Raunin ya yi wa mai neman lafiya yawa.

Bilkisu: Iyaye da yawa taikwando, wasan faɗan nan na Koriya, suke kai yara, musamman a Nijar tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo lambar azurfa a Olamfik ta Rio a 2016.

Koci Habu: Ga yara yana da kyau: ladabi, sassaucin gaɓoɓi, saurin ƙafa. Sai dai a san gibinsa. A dokar gasar Olamfik ba a naushin fuska, maki mai tsoka a shuri yake, don haka 'yan wasa kan saba da sauke hannu ƙasa. Shuri zuwa kai kuma, da silifas a kan tsakuwa, kai zai kayar. Wanda ya yi shekara biyu a taikwando ya ƙara da wata shida na boksin.

Bilkisu: Bari in yi tambayar mata. Da yawa suna so, amma cakuɗuwa da maza ce matsalar.

Koci Habu: Su nemi ajin mata zalla, ko su haɗu su biyar zuwa shida su ɗauki mai horarwa mace. Akwai hijabin wasanni mai kama kai wanda ba ya buƙatar allura, kuma a cire ɗankunne da zobe kafin a fara. Abin da za su fi maimaitawa: ƙwace wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsan wanda ya riƙe, domin nan riƙon ya fi rauni, sai ture mutum da tafin hannu, ɗaga murya, da tashi daga ƙasa ba tare da juya baya ba.

Malam Nura: Ga wata magana da nake so a ji da kyau, saboda masu ƙwacen waya. Idan an zaro wuƙa, miƙa wayar. Duk kocin da ya ce cikin mako biyu zai koya maka ƙwace wuƙa, bar wurinsa. Hannu ba ya tare ƙarfe, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Bilkisu: Da me kuma ake gane wurin da bai dace ba?

Koci Habu: Idan aka haɗa sabon zuwa da tsohon hannu a ranar farko aka ce su gwabza. Gwajin faɗa sai bayan wata biyu ko uku, da rabin ƙarfi, koci na tsaye. Idan an sha duka a kai aka ji jiri, ciwon kai ko amai, an gama na ranar, a tafi asibiti, kada a dawo sai likita ya yarda. A duba katifa ma. Wadda ba a gogewa tana yaɗa makero, don haka a yi wanka da sabulu da an tashi, a wanke kayan, a yanke farce.

Malam Nura: Nisa ma abin lura ne. Wurin da sai an hau mota biyu, da wuya a jure masa wata uku. A lokacin zafi a yi da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa a kusa. Da azumi a mayar da shi bayan tarawihi, a rage nauyinsa. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita.

Bilkisu: Mun gode Koci, mun gode Malam. Mako mai zuwa za mu hau kan abin da ya kamata a ci kafin atisaye da bayansa. A huta lafiya.