Gamla Stan: Zagayen Tsohon Garin Sitokholm a Ƙafa

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan ruwan da kuke gani, a nan tafkin Mälaren yake zuba cikin tekun Baltik, kuma a nan Sitokholm, babban birnin Suwidin, yake zaune a kan tsibirai 14. Yau mun ajiye mota. Ku dai sa takalmi mai taushi, don daɓen dutsen nan yana cin ƙafa.

Gadar da muka tsallako ta kawo mu Gamla Stan, wato tsohon gari, tushen birnin da sunansa ya fara fitowa a rubuce a 1252. Titin da ya tarbe mu, Västerlånggatan, cike yake da baƙi da shagunan tsaraba. Shawarata, kada ku daɗe a nan. Ku kama lungu ku haura zuwa titin Prästgatan. Kun ji yadda hayaniya ta ɗauke? Nan ne garin yake. A kusurwar da ya haɗu da Kåkbrinken, ku dubi gindin bango: dutse ne mai rubutun zamanin Vikings, tsoffin mayaƙan teku na wannan yanki, ya girmi birnin kansa. Magina ne suka tsince shi suka saka a gini.

Taku kaɗan, ga dandalin Stortorget da dogayen gidajensa, ja da ruwan ɗorawa. Kowa hoto yake ɗauka, amma ni ba na iya tsayawa a nan ban tuna da Nuwamban 1520 ba. Sarki Christian na Biyu na Danmak ya ci garin, ya yi alkawarin afuwa, ya gayyaci manya bikin naɗinsa. Bayan kwana uku ana shagali sai aka rufe ƙofofin fada. Sama da mutum 80 aka kashe, da limaman coci da masu sarauta, galibinsu a wannan fili. Cikinsu har da mahaifin Gustav Vasa, wanda ya ja tawaye ya hau gadon sarauta a 1523. Ginin da ke gefen arewa kuwa tsohuwar kasuwar hannun jari ce, yanzu gidan tarihin kyautar Nobel.

Fadar sarki tana bayansa, ɗakuna sama da 600, an gina ta bayan gobarar 1697 ta cinye ta farko.

Mu gangara kudu. Ga Mårten Trotzigs gränd, lungu mafi ƙunci a birnin, a wani wurin faɗinsa santimita 90 ne kacal. In kun yi kiciɓis da wani a matakalar, dole ɗaya ya karkace.

Yanzu lokacin fika ya yi, wato zaman shan kofi da burodin kirfa. Ku riƙe kati, shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. Mai neman wurin salla kuma ya tsallaka ta mahaɗar Slussen zuwa tsibirin Södermalm. Babban masallacin yana dab da dandalin Medborgarplatsen, a tsohon ginin tashar lantarki. Ku biyo ni, can muka nufa.