Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Ake Sauya wa Fulawar Ɗaki Tukunya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙun da muka ware yau duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙananan shuke-shuken nan masu ganye da ake ajiyewa a falo ko ofis don ado, da yadda ake sauya musu tukunya ba tare da an kashe su ba.

Wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce. Ta ce: "Ina da wata fulawa mai rataye da ake kira fotos, shekararta biyu a tukunya ɗaya. Yanzu da na zuba ruwa sai ya zube ta ƙasa nan take, kwana biyu kuma ta yi yaushi. Ciwo ne ya kama ta?"

Malama, lafiyarta ƙalau, gida ne ya yi mata kaɗan. Ki ɗaga tukunyar ki leƙa gindinta. Idan kin ga saiwoyi sun leƙo ta ramukan da ruwa ke fita, to kin samu amsarki. In kina son ƙarin tabbaci, ki kifa tukunyar a tafin hannunki, ki bubbuga gindin, shukar za ta zame ta fito. Za ki tarar saiwoyi sun nannaɗe kamar gammo, ƙasar kuma saura 'yar kaɗan. Ƙasa ce ke riƙe ruwa, to da babu ita ina ruwan zai tsaya? Masu saurin girma irin fotos sukan bukaci sabuwar tukunya duk bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Masu jinkirin girma kuwa sai su yi shekara 2 ko 3 ba su dami kowa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da kika ga ta fara sabon toho, don a lokacin ne take da ƙarfin warkewa.

Sai wani malami da ya rubuto yana cewa shi ba ya son wahala. Ya sayo wata ƙatuwar tukunya ya dasa 'yar ƙaramar fulawarsa da ake kira monstera a ciki don ya huta na shekara biyar, amma ga shi ganye na ta yin rawaya, ƙasar kuma ba ta bushewa.

To Malam, garin neman gira ana shirin rasa ido. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan shuke-shuke, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Mutane da yawa sun ɗauka ruwa kaɗai saiwa ke sha. A'a, saiwa na numfashi, tana jan iskar oksijin daga 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan tukunya ta yi girma, ƙasa ta yi yawa, saiwoyin kuma kaɗan ne, ba za su iya shanye ruwan ba. Sai ruwan ya zauna ya toshe kafofin nan kwana da kwanaki, saiwa ta shaƙe, sannan ƙwayoyin cuta masu son dausayi su samu ƙofa, ta fara ruɓa. Abin takaicin shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe yaushi take yi, daidai da mai jin ƙishirwa, sai mai ita ya tausaya ya ƙara mata ruwa. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Ka tuna inda suka fito. Monstera 'yar dazuzzukan kudancin Meziko ce har zuwa Panama, can tana hawan manyan itatuwa, saiwoyinta na cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace. Ruwan sama ya yi ta zuba, amma ba ya kwana a gindinta. Fotos ma haka take, asalinta wani tsibiri ne a tekun Fasifik. Damshi suke so, ba tabki ba.

Abin da za ka yi yanzu, ka ciro ta yau, kada ka bari sai gobe. Ka kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar ka duba. Lafiyayyiyar saiwa tana da ƙwari, fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, ta yi laushi, ka taɓa ta sai ta saluɓe, ga wari. Ka goge almakashi da sifirit, ka datse duk wadda ta ruɓe, ka mayar da shukar cikin tukunyar da ta yi daidai da abin da ya rage. Ƙa'idar ba wuya: sabuwar tukunya kada faɗinta ya wuce na tsohuwar da fiye da santimita 2 zuwa 5. Ƙatuwar nan ka ajiye ta, akwai ranarta.

Tambaya ta uku gajera ce: "Tukunyar yumɓu ko ta roba?" Kowacce ta yi, matuƙar tana da rami a gindi. Ta yumɓu tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, ƙasa na saurin bushewa, ta dace da mai yawan ban ruwa. Ta roba ta fi riƙe damshi, ta dace da mai mantuwa. Kowa ya san halinsa.

Yanzu ga wadda na san za ta jawo mini gardama. Wani dattijo ya ce tun yana yaro ya ga ana zuba tsakuwa a gindin tukunya kafin a sa ƙasa don ruwa ya samu hanya, kuma shi tukunyarsa ba ta da rami ko ɗaya, shin tsakuwar ta wadatar?

Baba, ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ba ta wadatar ba, tana ma iya ƙara ɓata lamarin. Ka ɗauki soson katifa ka jiƙa shi sharkaf, ka ɗora shi a kan tsakuwa. Ruwan ba zai sauka ba, zai taru ne a cikin soson ta wajen gindinsa. Haka ƙasa take: ruwa ba ya barin abu mai laushi ya shiga mai manyan kafofi sai ya cika ya tumbatsa. Saboda haka tsakuwar ba abin da ta yi illa ta ɗago jiƙaƙƙen wurin nan sama, kusa da saiwa, ta kuma rage wa shukar wurin zama. In kuma babu rami, ruwan da ya sauka yana nan kwance ba inda za shi. Ko dai a huda tukunyar, ko a dasa shukar a 'yar tukunyar roba mai ramuka, a zura ta cikin mai adon. In an zo ban ruwa a ciro ta, ta tsane, a mayar.

Wata ɗaliba ta haɗa tambaya biyu: ko za ta iya ɗebo ƙasa a waje ta cika tukunya, da kuma yadda ake dashen daki-daki.

Ƙanwata, ƙasar waje ita kaɗai ba ta yi. A fili akwai tsutsar tana da tururuwa masu buɗa ta, amma a tukunya daskarewa take yi kamar bulo. Ki nemi haɗin ƙasar tukwane da ake sayarwa, ko ki haɗa da kanki: kashi biyu na zaren ɓawon kwakwa ko ruɓaɓɓen ganyen da ya gama zama ƙasa, kashi ɗaya na ɓawon itace da aka farfasa ƙanana, kashi ɗaya na wani farin abu mara nauyi da ake kira falayit. Shi falayit dutsen aman wuta ne da ake gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 900 har ya kumbura, aikinsa kawai ya bar wa iska hanya. In ba ki same shi ba, yashi mai manyan ƙwayoyi ya maye gurbinsa. Gwajin da nake yi shi ne in jiƙa haɗin in damƙa: in na buɗe hannu ya ɗan tsaya sannan ya warwatse, ya yi. In ya zama curi, ya yi nauyi.

Dashen kuwa, ki ba ta ruwa tun ana gobe za ki dasa, don saiwar da ta sha ruwa ba ta saurin karyewa. Kada ki kama kara ki fizgo. Ki kifa, ki bubbuga, ta fito da kanta. Ki sa yatsu ki sassauta gammon saiwoyin a hankali, in ba haka ba za su ci gaba da zagaye kamar suna tsohon gida. Ki zuba ƙasa kaɗan a gindi, ki zaunar da ita yadda zurfinta zai zama daidai da na da, don kara idan ya nutse ruɓewa yake yi. Ki cike gefe-gefe, ki danna kaɗan, ba daɓe za ki yi ba. Ki bar kamar santimita 2 daga baki, sannan ki zuba ruwa har ya fito ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Af, kafin in manta. Idan shukar taki difenbakiya ce, mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari, ki sa safar hannu. Ruwan jikinta na ɗauke da wasu 'yan ƙananan allurai da ido ba ya gani, suna sa ƙaiƙayi, in kuma suka shiga baki harshe na iya kumbura har magana ta gagara, shi ya sa Turawa suka yi mata laƙabin da ke nufin karan bebe. Fotos da monstera da wata fulawar da ake kira filodendiron ma suna da irin wannan sinadari. A kwashe guntayen ganye kada yara ko kyanwa su tauna.

Ta ƙarshe daga wani bawan Allah ne da hankalinsa ya tashi. Ya ce shekaranjiya ya sauya wa fulawarsa da ake kira fitoniya tukunya, yau ta kwanta warwas, ko ya zuba mata taki ta farfaɗo?

Malam, rufa mata asiri, kada ka zuba. Wajen dashe 'yan siraran saiwoyin da ke shan ruwa sun tsittsinke, taki kuma gishiri-gishiri ne, ƙona raunin zai yi. Ka jira mako 4 zuwa 6. Fitoniya kuwa, 'yar dazuzzukan Kudancin Amurka irin na Peru, da ma raki gare ta, ƙishirwa kaɗan sai ta zube, ta sha ruwa kuma cikin 'yan sa'o'i ta miƙe kamar ba ita ba. Ka tura yatsa cikin ƙasar. In a bushe take ka ba ta ruwa, in da damshi ka ƙyale ta. Ka ajiye ta inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta, nesa da bakin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. In ganye ɗaya ko biyu na ƙasa sun yi rawaya, ka tsinke su kawai. Bayan mako biyu ka sake rubuto mana mu ji.

Agogo ya ci mu. Akwai wasiƙu biyu a kan 'yan ƙananan ƙudajen nan da ke tashi daga ƙasar tukunya, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.