Sammaci ta WhatsApp: Wa Ya Ba Da Izini?

[Allon waya. Saƙo ya shigo, takarda mai tambarin kotu]

Jama'a, assalamu alaikum. Ga irin saƙon da ke hana mutane barci kwanan nan. Takarda ce da tambari a sama, sunanka a tsakiya, a ƙasa an ce ka bayyana gaban kotu ran kaza. Kuma ba masinjan kotu ne ya yi sallama da kai a ƙofar gida ba, ta WhatsApp ta shigo, tsakanin gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure.

Mutane sun kasu biyu a kanta. Wasu na cewa goge kawai, ai kotu ba ta aika sammaci ta waya. Wasu kuma na cewa zamani ya zo, duk wanda kake bi bashi ka ɗauki hoton takarda ka tura masa, an gama. Duka ɓangarorin biyu sun tsallake mataki guda, kuma a kansa za mu daɗe yau.

[Harabar kotu, masinja a kan babur da jakar takardu]

Asalin abin sananne ne. Ka kai ƙara, kotu ta fitar da takarda, ma'aikacinta ya je ya damƙa wa wanda ake ƙara hannu da hannu, ya dawo ya rubuta takardar rantsuwa cewa ya ba shi ran kaza a wuri kaza. Dalili shi ne ba a yi wa mutum shari'a bai sani ba. A Najeriya sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa. In ba a isar da takardar farko yadda doka ta ce ba, duk abin da aka gina a kai yana iya rushewa, ko da an yi shekaru ana shari'ar.

To amma kun san halin mai gudun sammaci. Ya yi tafiya. Yanzun nan ya fita. Ai ya tashi daga unguwar nan tun bara. Alhali yana uwar ɗaki yana leƙe ta labule.

Shi ya sa tun kafin a san intanet doka ta tanadi mafita. In an nemi mutum an rasa, alƙali na iya yarda a liƙa takardar a ƙofar gidan da aka san shi da zama, ko a ba wani baligi a gidan, ko a buga a jarida. Imel da Facebook da WhatsApp cikin wannan layin suka shigo.

[Rubutu a kan allo: ALƘALI NE KE BA DA IZINI]

Ku riƙe wannan rubutun da kyau. Mai ƙara ba shi da ikon zaɓar wa kansa hanya. Lauyansa ne zai koma gaban alƙali da roƙo a rubuce, haɗe da rantsuwa. Da farko zai nuna cewa an gwada hanyar da aka saba, an je gida, an je shago, an tambayi maƙwabta, ba a dace ba. Sannan ya nuna cewa wannan lambar ko wannan shafin na mutumin ne. Sannan ya nuna cewa har yanzu yana amfani da shi, ba shafin da ya buɗe shekara goma da suka wuce ya manta kalmar sirrinsa ba. Sai alƙali ya gamsu, ya ba da oda, ya faɗi ta inda za a tura da yadda za a tura. Wannan odar ita ce ke mai da saƙon waya ya zama sammaci. In babu ita, hoton takarda kawai ka tura wa mutum.

Kuma alƙalai ba sa bayar da ita a ɓagas. Bari in nuna muku shari'o'i biyu daga birni ɗaya.

[New York, ginin kotu]

A 2012 wani banki ya roƙi kotun tarayya a New York ta bar shi ya isar wa wata mata takarda ta Facebook. Alƙali ya ƙi. Hujjarsa ita ce kowa na iya buɗe shafi da sunan da ya ga dama, na gaskiya ko na ƙarya, kuma bankin bai kawo abin da zai tabbatar cewa shafin nata ne ba. Ya ce a je a buga a jaridu.

Bayan shekara uku, a 2015, wata ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Gana ta je neman a raba aurenta. Sun yi auren rajista a 2009, mijin ya yi alkawarin za a yi bikin gargajiya irin na gida, bai cika ba, ba su ma zauna tare ba. Ya tashi daga gidan da aka san shi tun 2011, gidan waya ba su da sabon adireshinsa, ya ce mata ba shi da wurin zama takamaimai kuma ba shi da wurin aiki. Har mai bincike aka ɗauka, bai gano shi ba. Amma yana nan a Facebook, suna musayar saƙo. Sai ta kawo wa kotu kwafin hirarsu, ta rantse cewa hotunan da ke shafin nasa ne. Mai shari'a Matthew Cooper ya amince, da sharaɗi: lauyanta zai shiga ta shafinta ya tura takardar sau ɗaya a mako har mako uku a jere, kuma a kira mijin a waya, a tura masa tes, a gaya masa ya duba saƙonsa.

Facebook ɗin dai ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne ita ta zo da hujja, banki bai zo da ita ba.

A nan zan ɗan faɗi ra'ayina. Tsakani da Allah, wa ke buɗe shafi na talatin da wani abu a jarida yana neman sunansa cikin ƙananan sanarwoyi? Mutumin da ba ya minti goma bai duba wayarsa ba, a ce hanyar sanar da shi ita ce jaridar da bai taɓa saya ba? Shi kansa alƙalin na New York ya nuna cewa bugawa a jarida ga tsada, ga wuya saƙon ya kai. Ni ina tare da shi.

[Taswirar duniya, ƙasashe na haskawa ɗaya bayan ɗaya]

Sauran tarihin a gurguje. Wata kotun Amurka ta amince da imel a wata shari'ar gidan caca tun 2002. Ostireliya, Disambar 2008, kotu a Canberra ta yarda a sanar da wasu mutum biyu da suka kasa biyan bashin gida ta Facebook, bayan lauyoyi sun nuna ranar haihuwarsu ta yi daidai da ta takardun bashin, kuma kowannensu na cikin abokan ɗayan. Ingila, 2009, umarnin kotu ta Twitter ga wani da ba a ma san sunansa ba. Afirka ta Kudu, 2012, Durban, Facebook. A 2018 jam'iyyar Democrat ta Amurka ta isar wa WikiLeaks, shafin nan mai fallasa takardun sirri, takardar ƙara ta Twitter. Indiya, Yulin 2020, lokacin kullen korona, Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa ga imel da WhatsApp da Telegram. A 2022 ma, a New York da Landan, an jefa takardar kotu cikin asusun kirifto, wato kuɗin intanet, na waɗanda ake zargi da sata, tunda asusun kaɗai aka sani, ba a san fuskar kowa ba.

[Tutar Najeriya, Kotun Ƙoli a Abuja]

A gida fa? Tun a dokokin Babbar Kotun Abuja na 2018 da na Babbar Kotun Legas na 2019 an ambaci imel ƙarara cikin hanyoyin da alƙali zai iya ba da izini. Kowace jiha da nata dokokin kotu, don haka abin da ya yi aiki a Legas sai lauya ya duba ko haka yake a Kano ko Sakkwato.

Akwai kuma wani hukunci da ake yawan jawowa ba a inda ya dace ba. A 2019, a shari'ar kamfanin Compact Manifold da kamfanin Pazan, Kotun Ƙoli ta ce sanar da ranar zaman kotu ta saƙon tes ya wadatar. Sai wasu suka ɗauka shi ke nan, komai ma a tura ta tes. A'a. Wancan sanarwar ranar zama ce, ga wanda ya riga ya san ana shari'a da shi, har ya ba da lambar waya. Takardar farko, wadda ke gaya wa mutum cewa an yi ƙararsa, ita ce ake tsananta wa.

[Yatsa yana kashe alamar karanta saƙo, sannan yana toshe lamba]

Na san abin da wasu ke saƙawa yanzu. In kashe shuɗiyar alamar nan guda biyu, in toshe lambar, wa zai ce na gani? Gaskiya ne a 2018 Babbar Kotun Bombay a Indiya ta karɓi alamun da suka nuna an buɗe takarda a WhatsApp a matsayin shaidar ta isa. Amma kada ku ɗauka rashin alamar kariya ce. In alƙali ya ce a tura ta hanya kaza, aka tura, aka kawo masa hoton allon waya da rantsuwa, yana iya ɗauka cewa an sanar da kai, kamar dai yadda ba a tambayar ko ka karanta takardar da aka liƙa a ƙofarka. Shari'a za ta ci gaba, a yanke hukunci a bayan idonka. Kana iya komawa ka roƙi a soke, amma yanzu kai ne mai wahalar kawo hujja, wataƙila bayan an riƙe maka asusun banki.

[Saƙonnin barazana iri-iri, an rufe sunaye da lambobi]

Sai ɗaya gefen. 'Yan damfara da wasu manhajojin ba da rance sun gano cewa tambarin kotu na tsorata mutane. Za ku ga takarda da jan rubutu, wai za a kama ka cikin awa ashirin da huɗu in ba ka tura kuɗi wannan asusun ba. Kotu ba ta karɓar bashi ta asusun wani mutum, kuma sammacin ƙarar bashi gayyata ce ka zo ka kare kanka.

Don haka in irin wannan ya shigo wayarka, kada ka goge, kada ka danna wani mahaɗi, kada ka tura ko sisi. Duba sunan kotun da lambar ƙarar. Tambayi wanda ya turo ya haɗo da odar alƙali da ta ba shi izinin turowa ta wannan hanya, lauyan gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin rajistaran kotun da aka ambata, ko ka tura lauya, a buɗe fayil a gani. In ƙarar tana nan, ka tambayi kwana nawa doka ta ba ka ka shigar da amsa, domin lissafin yana iya farawa tun ranar da saƙon ya shigo.