Caji: Asalin Kalmar da Irin Kayan da Take Ɗora Mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam shugaba, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, barkanmu da warhaka. Allah ya saka wa waɗanda suka taso daga Birmingham da Leeds suka iske mu a nan Manchester cikin wannan sanyi.

Kwamitin ilimi ya ba ni lokaci in yi magana kan Turanci, ni kuwa na zaɓi kalma ɗaya tak, wadda duk muka san ta tun muna gida: caji. Bature yana rubuta ta "charge". Na zaɓe ta ne domin da wuya wata ya wuce ba ta shigo gidan ɗayanmu cikin wasiƙa ba, kuma sau da yawa abin da muka fahimta daban, abin da mai wasiƙar yake nufi daban.

A gida wurare uku muka fi sanin ta. Akwai cajin waya, akwai kuɗin da makanike ya caje ka, akwai kuma caji ofis, inda ba wanda yake fatan kwana. Ma'anoni uku ke nan muka aro, muka baro sauran a hannun masu harshen. Ba ita ce ma ta fi yawan rassa a Turanci ba. Masu babban ƙamus na Oxford sun ƙirga wa aikatau "run" ma'ana 645. Sai dai ita caji ta fi shafar aljihunmu da takardunmu da mutuncinmu.

Asalinta amalanke ne. Mutanen Gol, waɗanda suka zauna a ƙasar da yau ake kira Faransa kafin Rumawa su ci su da yaƙi, gwanaye ne wajen ƙera keken da dabbobi ke ja, suna kiransa "karros". Rumawa suka ari sunan, ya zama "carrus" a Latin. Yuliyas Kaisar, jagoran rundunar Rumawa, da kansa ya yi amfani da kalmar a labarin yaƙin da ya fara a can a shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, inda yake bayanin amalanken da wata ƙabila ta tara don yin ƙaura. Daga wannan suna aka samo aikatau "carricare", wato yi wa amalanke lodi. Bakin Faransawa ya tauna shi shekaru aru-aru har ya koma "charger". 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke cikin zauren nan sun san shi sarai, don har gobe da shi Bafaranshe yake cewa an loda wa mota kaya.

Yadda ta tsallako ruwa zuwa nan kuwa, sai a tuna da 1066, shekarar da Wiliyam na Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Sarauta da kotu suka koma Faransanci, talaka yana Turancinsa a gona da kasuwa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Kafin nan kalmomin Faransanci sun riga sun yi kaka-gida, shi ya sa sunan kotu da na alƙali da na kurkuku a Turanci duk daga can suka zo. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda alƙali da shari'a da hukunci da shaida duk daga Larabci muka same su, ta hanyar malamai da fada. A cikin wannan ayarin ne caji ta shigo Turanci a ƙarni na 13, kuma ma'anarta a lokacin ita ce kaya, abin da aka ɗora. Danginta suna nan kewaye da mu: "car" da muke tuƙawa, "carry", da "cargo" da muke aika kaya gida da shi. Uwarsu ɗaya.

To, a nan nake so mu tsaya, domin Bahaushe ya fi kowa saurin gane abin da ya biyo baya. Ku dubi yadda muke sarrafa ɗora. Ana ɗora wa jaki kaya. Ana ɗora wa mutum nauyin marayu. Ana ɗora wa gari haraji. Ana ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba. Wannan hanya ita ce sak wadda kalmar Turancin ta bi. Kayan da ake gani da ido ya zama nauyin amana, sai aka ce wane ne "in charge", wato shi aka ɗora wa alhakin wurin. Ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ɗakin marasa lafiya ana kiranta "charge nurse". Idan kuka ji wannan suna a asibiti, ba mai karɓar kuɗi ba ce, ita ce za ku nema idan kuna da kuka game da yadda ake kula da majinyacinku. Jami'in da ke riƙe ofishin jakadanci idan babu jakada, wato "chargé d'affaires", shi ma daga nan sunansa ya fito. Daga nauyin amana aka gangaro kan nauyin kuɗi, daga nan kuma nauyin tuhuma.

Reshe na biyu ta bakin bindiga ya bi. Ɗura wa bindiga ko igwa albarushi lodi ne, don haka shi ma aka kira shi caji. Sukuwar da mahaya ke yi su auka wa abokan gaba, irin ta jafi ranar hawan salla amma da mashi tsirara, ita ma sunanta ke nan. Turawan Ingila har yau suna tuna wadda mahayansu sama da 600 suka yi a Balakalaba a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, suka nufi bakin igwogin Rasha saboda umarnin da aka fahimta a karkace. Da masana suka fara tara lantarki a cikin kwalba wajen 1745, Benjamin Franklin na Amurka yana cikin waɗanda suka yaɗa kiran cikawar da sunan caji, kuma shi ne ya kira jerin kwalaben batir, sunan da sojoji ke kiran jerin igwoginsu. Yaran da ke neman soket a bangon zauren nan, ku sani lodi kuke yi wa wayoyinku.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Akwai takarda iri biyu da ake liƙa wa mota ko a aiko ta gida, dukansu ana taƙaita su PCN, kuma sau da yawa launinsu ma kusan ɗaya. Ta farko "Penalty Charge Notice", daga ƙaramar hukuma take, tara ce da doka ta ba su ikon yankawa. Idan ka biya cikin kwana 14 yawanci rabi za ka biya. Idan kana ganin an zalunce ka, kana da damar ƙalubalanta, har gaban masu sauraron ƙara masu zaman kansu. Idan kuwa ka jefa ta cikin durowa, wata takardar za ta biyo, a ƙara rabin kuɗin a kai, daga ƙarshe masu karɓar bashi su ƙwanƙwasa ƙofa. Ta biyu "Parking Charge Notice", kamfani ne mai kula da filin ajiye motoci na kanti ko na asibiti yake cewa ka saɓa sharaɗin da ya rubuta a allo. Hanyar ƙorafinta daban ce, amma kada kowa ya gaya muku takardar banza ce, domin kamfanin yana iya kai mutum kotu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin an tuhume ka da laifi irin na caji ofis. Na ga dattijo a cikinmu da ya kasa barci saboda ya ga wannan kalma a saman takarda, yana zaton zamansa a ƙasar ya zo ƙarshe. Na kuma ga matashin da ya raina tasa har ta ninka.

Haka "service charge". A gidan abinci, musamman a Landan, sukan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari, kuma idan an rubuta cewa na ganin dama ne kana iya cewa a cire. Amma mai ɗaki a bene da aka aiko masa da takarda mai wannan suna, kuɗin gyaran gini ne da yake cikin yarjejeniyarsa, ba ya tsallake shi. Wanda ya sayi gida da bashi zai ga an rubuta caji a rajistar filaye. Ma'anarsa gidan yana ɗauke da haƙƙin mai ba da bashin har sai an gama biya. Masu sabunta biza kuma sun san ƙarin kuɗin lafiya da aka fara a 2015 a kan fam 200 a shekara, wanda ya kai fam 1,035 tun Fabrairun 2024. Sunansa "surcharge", kaya a kan kaya.

Mafi nauyi duka shi ne na 'yan sanda, kuma iyaye mata ina roƙon ku saurara da kyau, don ku ake fara kira idan abu ya faru. Kamu daban, tuhuma daban. A Ingila da Wales 'yan sanda suna iya tsare mutum har awa 24 ba tare da sun tuhume shi ba, a manyan laifuka a ƙara zuwa awa 36, da izinin kotu har 96. Bayan nan ko su tuhume shi ko su sake shi. A manyan laifuka ma ba su ke yanke shawarar tuhumar ba, hukumar gabatar da ƙara ce, CPS. Idan aka ce an saki yaro "without charge", ba a ɗora masa komai ba a lokacin. Idan aka ce "charged", an ɗora masa tuhuma, zai je kotu, amma ba a same shi da laifi ba tukuna. Mu daina yanke wa 'ya'yan juna hukunci a zaurukan WhatsApp kafin alƙali ya buɗe baki. Wannan ɗabi'a ta raba gidaje a cikinmu, kuma tana ci mini rai. Duk wanda aka tsare yana da haƙƙin lauya kyauta a ofishin 'yan sanda, da tafinta idan Turancinsa bai kai ba. Ya nema, kada kunya ta hana shi.

Roƙona shi ne, duk takardar da ta zo da wannan kalma, kafin gaba ya faɗi a duba abu uku: wa ya ɗora kayan, mene ne kayan, kuma zuwa yaushe aka ba ka ka amsa. Wanda bai gane ba ya zo da ita. Muna da lauyoyi da ma'aikatan jinya da akantoci a cikin wannan ƙungiya, ga kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Ina ba kwamiti shawara a ware rabin awa bayan kowane taro, a sa tebur a gefe inda mutum zai nuna takardarsa cikin sirri, mata kuma a samu mace ta duba musu.

Malam shugaba, na gode da lokacin da aka ba ni. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.