Yadda biranen Amurka ke gina gidajen talakawa da harajin da bai shigo ba tukuna

Jama'a, assalamu alaikum. Yau Amurka za mu leƙa, mu ga wata dabara da hukumomin birane ke samun kuɗin aiki da ita. Can suna ce mata TIF, wato yin aiki da ƙarin harajin da ake sa ran zai shigo nan gaba.

A Amurka duk mai gida ko fili yana biyan haraji kowace shekara gwargwadon darajar kadararsa. Da kuɗin nan ake riƙe makarantu da 'yan kwana-kwana da ɗakunan karatu. To, sai majalisar birni ta zaɓi wata unguwa da ta koma baya, ta shata mata iyaka a taswira. A ce unguwar tana kawo dala miliyan 10 a shekara. Wannan miliyan 10 ita makarantu da sauran hukumomi za su ci gaba da rabawa, ba ƙari, har shekara 20 ko fiye. Duk abin da ya hau kai nan gaba, saboda gidaje sun yi daraja, wani asusu daban yake shiga, kuma a unguwar ake kashe shi. Galibi birni ba ya jira kuɗin su taru. Bashi yake ci yau, ya gyara tituna da magudanan ruwa, ya tallafa wa masu gini, ya riƙa biya daga ƙarin da ke shigowa. Kamar dai manomin da ya karɓi taki bashi da damina, biya sai kaka.

Jihar Kalifoniya ce ta fara wannan tsari a 1952, yanzu kuwa kusan kowace jiha tana da irinsa.

Amma ku lura da wani abu. Asusun nan ba ya cika sai gidaje sun yi tsada. Idan gidaje suka yi tsada, haya ta tashi. Idan haya ta tashi, wa zai fara tattara komatsansa? Wanda aka ce dominsa ake gyaran unguwar.

Abin da ya faru ke nan a birnin Portland na jihar Oregon. Arewacin birnin, musamman unguwar Albina, nan ne baƙaƙen fata suka daɗe da zama, da majami'unsu da shagunansu. A shekarar 2000 aka saka yankin cikin irin wannan tsari, aka zuba wani kaso na kuɗin a layin jirgin ƙasa na cikin gari wanda aka buɗe a 2004. Unguwa ta yi kyau, masu hannu da shuni suka shigo, dubban baƙaƙen fata kuwa haya ta gagare su suka koma bayan gari. Wanda iyayensa suka haife shi a unguwar, sai ya zama baƙo idan ya zo ziyara.

A 2006 majalisar birnin ta yanke cewa kashi 30 cikin 100 na kuɗin TIF gidaje masu sauƙin kuɗi za a yi da su. A 2015 ta ɗaga shi zuwa kashi 45. Ta kuma fito da wata ƙa'ida wadda a ganina ita ce mafi adalci a duk labarin nan: idan an gina sababbin gidaje a wannan yanki, ana fifita iyalan da asalinsu can ne, kuma a sahun gaba akwai waɗanda hukuma ta taɓa karɓe gidan iyayensu ko kakanninsu da sunan raya birni. An makara, wannan gaskiya ne. Duk da haka akwai iyalan da suka dawo unguwarsu ta wannan hanya.

Kalifoniya ta riga Portland ware kaso. Tun 1976 dokarta ta ce kashi 20 cikin 100 na gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a shekarun ƙarshe na tsarin kuɗin sun kai wajen dala biliyan 1 a shekara. Sai dai abin da tsarin ke janyewa daga makarantu ya yi yawa, jiha ce ke cike giɓin. Gwamna Jerry Brown ya ce ya isa haka, aka rushe hukumomin raya birane kusan 400 masu gudanar da tsarin a 2012. Kuɗin gidajen ma suka tafi tare da su.

A Shikago kuwa, inda kowane yankin TIF ke ɗaukar shekara 23, ƙorafin ya sha bamban. Doka ta ce ba a kafa yankin TIF sai inda ba za a samu ci gaba ba in babu tallafin, amma sai ga shi yankunan da suka fi tara kuɗi su ne na tsakiyar birni da kewayensa, inda dama filaye ke da tsada. Unguwannin kudu da yamma, masu buƙatar gidajen, asusunsu ba ya tara abin kirki. A 2024 majalisar birnin ta amince wa magajin gari Brandon Johnson ya ci bashin dala biliyan 1.25 don gidaje da bunƙasa kasuwanci. Za a biya bashin ne ta hanyar barin yankunan TIF da dama su ƙare wa'adinsu ba tare da an sabunta ba, harajinsu ya koma baitulmalin birni, inda za a iya kashe shi a kowace unguwa.