Lissafin Mutum Ɗaya Daban, Lissafin Ƙasa Daban

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk sa'ad da al'amura suka tsuke a wata ƙasa, akwai maganar da ba a rasa jinta daga bakin masu mulki: wai ƙasa kamar gida ce, magidanci ba ya kashe fiye da abin da yake samu, saboda haka ita ma gwamnati dole ta tsuke bakin aljihu. Magana ce mai daɗin ji, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gida zai gyaɗa kai. Sai dai rabinta ne gaskiya. Kafin a gane wane rabin ne, sai an san cewa ilimin tattalin arziki rassa biyu gare shi, kowanne da irin tambayar da yake amsawa.

Reshe na farko mutum ɗaya yake dubawa, ko kamfani ɗaya, ko kasuwar kaya iri ɗaya. Me ya sa wane ya sayi wannan ya bar wancan, me ya sa farashin abu kaza ya tashi, ma'aikata nawa ya kamata masana'anta ta ɗauka. Na biyun kuwa ƙasa yake ɗauka ɗungurungum: hauhawar farashi, rashin aikin yi, kuɗin ruwa, darajar kuɗi, da jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara.

Tushen reshen farko shi ne ƙarancin abu. Buƙatun ɗan Adam ba sa ƙarewa, abin biyansu kuwa ƙayyadadde ne, kuma abu ɗaya ana iya yin amfani da shi ta hanyoyi da dama. A kan haka masanin Ingila Lionel Robbins ya gina ma'anar wannan fage a 1932. Abin da ke biyo baya shi ne, tsadar abu ta haƙiƙa ita ce abin da ka haƙura da shi kafin ka same shi. Matashin da ya yi shekara huɗu a jami'a ba kuɗin makaranta kaɗai ya biya ba, ya haɗa da albashin da zai kwasa da a ce aiki ya kama. Gwamnatin da ta gina katafaren filin jirgin sama ta biya shi da asibitocin da ba ta gina ba, ko da kuwa babu wanda zai rubuta hakan a takardar kasafi.

To wa ke raba wannan ɗan abin da ake da shi? A mafi yawan lokuta, farashi ne. Adam Smith ya lura tun 1776 cewa mutanen da kowannensu ribarsa yake nema suna iya biya wa juna buƙata ba tare da wani ya tsara musu ba. Daga baya, a 1890, Alfred Marshall ya kwatanta masu saye da masu sayarwa da baki biyu na almakashi: tambayar wanne ne ya yanka ƙyallen ba ta da amfani, tare suke yanka. In kaya ya yi ƙaranci farashi ya tashi, tashin nan yana aika saƙo biyu a lokaci guda. Yana ce wa mai saye ya rage, yana ce wa mai samarwa ya ƙara.

Za a fi ganin aikin farashi a ranar da aka hana shi motsi. A ranar 15 ga Agusta, 1971, Shugaba Richard Nixon na Amurka ya ba da umarnin tsayar da farashi da albashi na kwana 90. Jama'a suka yi ta tafi. Daga baya an sassauta a kan yawancin kayayyaki, amma aka bar takunkumin a kan mai. Sai ga Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin watanni kaɗan. Mai ya yi ƙaranci, doka kuma ta hana farashinsa faɗin gaskiya. Abin da ya biyo baya shi ne layukan motoci tun da asuba, gidajen mai suna rataya allon "babu", wasu jihohi har suka raba ranaku bisa lambar mota: in lambar ƙarshe ta motarka mara ce, ga ranarka, in cika ce, ga taka. Wanda ya tsaya awa biyu a layi ya biya kuɗin man da ke rubuce, ya kuma biya da lokacinsa. Tsadar ba ta tafi ko'ina ba, kamanni ta sauya.

Ba wai masu ƙayyade farashi ba su da hujja ba ne. Talaka ba ya iya jira har kasuwa ta daidaita kanta, kuma akwai kasuwannin da kamfani ɗaya ya kankane, ko masana'antar da ke zuba dagwalo a kogi ta bar wasu da jinya, inda farashin da kansa yake ƙarya. A irin waɗannan wurare sa hannun hukuma wajibi ne. Amma a ganina, in manufar ita ce a agaza wa marar ƙarfi, gara a miƙa masa tallafin a hannunsa da a toshe bakin farashi, domin toshewar mai hali da mai hanya ta fi amfana.

Yanzu ga inda lissafin mutum ɗaya yake fara rabuwa da na jama'a. Manomi ɗaya in ya samu yabanya mai kyau, ya ci riba. Amma in dukkan manoma suka samu a shekara ɗaya, kuma kayan irin wanda mutane ba sa ƙara saye sosai don ya yi araha ne, sai farashi ya zube fiye da yadda amfanin ya ƙaru, kowa ya koma gida da abin da bai kai na bara ba. Manoman auduga na Amurka sun ɗanɗana wannan a farkon shekarun 1930. Kowanne yana ƙara shuka don ya cike giɓin faɗuwar farashi, ƙarin shukar kuma tana sake danne farashin. Har ta kai a 1933 gwamnati ta biya su kuɗi suka bi da garma ta kan kimanin eka miliyan 10 na audugar da ta riga ta tsiro, a daidai lokacin da miliyoyin mutane ba su da abin sayen sutura. Babu manomin da ya yi wauta a cikinsu. Dabarar da ta dace da kowanne shi kaɗai ce ta kayar da su gaba ɗaya.

Wannan shi ne ƙofar shiga reshe na biyu, kuma ginshiƙinsa magana ce gajeriya: abin da ka kashe, shi ne abin da wani ya samu. Magidanci in ya rage kashe kuɗi, albashinsa yana nan yadda yake. Ƙasa kuwa in kowa ya rage a lokaci guda, cinikin ɗan kasuwa ya ragu, ɗan kasuwa ya rage saro kaya, masana'anta ta sallami ma'aikata, waɗanda aka sallama su ma su daina saye. A ƙarshe kuɗin shigar kowa ya faɗi, ajiyar da aka so a ƙara ma ba ta samu ba.

Haka aka gani bayan rugujewar kasuwar hannun jari ta New York a Oktoban 1929. Ku ɗauki mai ajiya a banki a wancan lokaci. Ya ji raɗe-raɗin cewa bankinsa na tangal-tangal. Ya san banki ba ya ajiye dukkan kuɗin jama'a a ɗaki, yawancinsu ya ba da su bashi. Hankali ya ce masa ya je ya kwashe nasa kafin wasu su riga shi, kuma hankalin bai yi ƙarya ba. Maƙwabcinsa ma haka ya yi tunani. Kafin azahar layi ya zagaye ginin, bankin da jiya lafiyarsa ƙalau yau ya rufe ƙofa. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 ne suka durƙushe a Amurka, kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a 1933 mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki ba shi da abin yi. Masana'antun suna nan, injinan suna nan, ma'aikatan suna nan da ƙarfinsu. Babu yaƙi. Masu saye ne kawai suka ɓace. Sai da Shugaba Franklin Roosevelt ya rufe bankunan ƙasar na 'yan kwanaki a Maris na 1933, aka kuma kafa hukumar inshorar ajiya a shekarar, sannan tururuwar cire kuɗi ta lafa, tunda wanda ya san kuɗinsa ba zai salwanta ba, ba shi da dalilin gudu.

A 1936 masanin Ingila John Maynard Keynes ya fito da bayanin da ya kafa wannan reshe da ƙafafunsa. Ya ce ƙasa tana iya daɗewa cikin rashin aikin yi don kawai jimillar saye ta gaza, kuma a irin wannan hali, tunda kowa ya noƙe, gwamnati ce ya kamata ta fito ta kashe, ko da bashi za ta ci. Wato ta yi akasin abin da magidanci mai hankali zai yi.

A nan ne ma aka fara auna ƙasa da lamba ɗaya. Simon Kuznets ne ya gabatar wa majalisar Amurka ƙididdigar kuɗin shigar ƙasa a 1934, wadda daga ita aka samo ma'aunin GDP, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, da kuke ji kullum a labarai. Shi da kansa ya ja kunne cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga wannan lamba. Ba ta ƙirga aikin uwar da ke rainon 'ya'yanta a gida, ba ta kuma faɗin wa ya samu, wa ya tashi a tutar babu. An riƙe lambar, an manta da jan kunnen.

Kada mai sauraro ya ɗauka cewa ke nan gwamnati na iya ɓarin kuɗi yadda ta ga dama. Nan ne rabin gaskiyar maganar masu mulki yake. Maganin Keynes na lokacin da injina ke kwance ne, ma'aikata na zaune. In ƙasa ta riga ta kai iyakar abin da za ta iya samarwa, ƙara buga takardun kuɗi ba ya ƙara ko da allura ɗaya a kasuwa, farashi kawai yake ingizawa. Jamus ta gwada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Nuwamban 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak, kuɗin Jamus na lokacin, tiriliyan 4.2, ana biyan ma'aikata sau biyu a rana, suna karɓa suna rugawa kanti kafin kuɗin ya narke a hannunsu. Zimbabuwe ma ta bi wannan hanya, har ta buga takardar dalar Zimbabuwe tiriliyan 100 a farkon 2009, kafin ta jingine kuɗinta ta koma amfani da na ƙasashen waje. Ƙarancin abu, darasin farko na reshen farko, bai daina aiki don an koma maganar ƙasa ba.

Kuma in hauhawar farashi ta riga ta zauna, korarta akwai zafi. Paul Volcker ya karɓi ragamar babban bankin Amurka a 1979, a 1980 farashi yana hawa da sama da kashi 13 cikin 100 a shekara. Ya bar kuɗin ruwa ya kai wajen kashi 20. Bashi ya yi tsada, gine-gine suka tsaya, rashin aikin yi ya haura kashi 10 a ƙarshen 1982. Zuwa 1983 hauhawar ta sauko kusa da kashi 3. Har gobe masana na yaba masa, amma waɗanda suka rasa aikinsu a waɗancan shekaru su ne suka biya kuɗin yabon.

Saboda haka aikin mai tsara manufa shi ne ya fara gane ciwon da ke gabansa: masu saye ne suka gaza, ko kaya ne suka gaza? Maganin ɗaya guba ne ga ɗayan, kuma ko ƙwararru suna kuskuren ganewa. Girka ta shiga matsalar bashi na gaske, ba ta kuma da ikon buga kuɗinta tunda yuro take amfani da shi. Daga 2010 masu ba ta bashi, wato ƙasashen Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, suka gindaya mata sharaɗin rage albashi da fansho da ƙara haraji. Lissafin magidanci ne tsantsa: rage kashewa, bashi zai ragu. Tattalin arzikin ƙasar ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya kai wajen kashi 27 cikin 100 a 2013, nauyin bashin kuma in aka gwada shi da abin da ƙasar ke samarwa sai ya ƙaru, domin abin da za a biya da shi ya fi bashin saurin raguwa. A farkon 2013, babban masanin tattalin arzikin Asusun na lokacin, Olivier Blanchard, tare da wani abokin aikinsa, suka wallafa bincike da ya nuna cewa masu hasashe sun raina irin ɓarnar da tsuke bakin aljihu zai yi wa ƙasashen Turai, kuma kowane yuro ɗaya da gwamnatoci suka janye a farkon rikicin ya rage abin da ƙasa ke samarwa fiye da yadda aka lissafa.